A ina ake tsayawa wajen sauƙaƙa amsa mai alamar √?

Ɗalibar Kimiyya

Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini wani abu a lissafin kusurwa da siffofi. Tambayoyi da yawa suna ƙarewa da cewa a bar amsa cikin alamar rut, wato √, a siffarta mafi sauƙi, ni kuwa ban gane inda sauƙin yake tsayawa ba. Ga guda uku da suka tsaya mini.

Ta farko, alwatika ce mai kusurwar digiri 90, dogon gefenta santimita 10, ana neman gefen da ke fuskantar kusurwar digiri 60. Na samu 8.66, amsar da aka bayar 5√3 ce. Ta biyu, nisan da ke tsakanin (−2, 3) da (4, −3). Na samu √72, na rage shi zuwa 3√8, amma 6√2 ake so. Ta uku, 12 × tan 30°. Na rubuta 12/√3, aka ce 4√3.

Na buga kowanne a kalkuleta, amsata da tasu lamba ɗaya suke bayarwa. To mene ne laifin nawa? Kuma da me zan gane cewa na kai ƙarshe, ba sauran abin ragewa?

Mai Alli

Wa alaikumus salam ƙanwata. Lissafinki bai karkace ba a dukan ukun, sai dai matsalar ta farko daban take da ta sauran biyun.

A ta farko ba ki ba da ainihin amsar ba, kin ba da maƙwabciyarta. √3 lamba ce da ba ta ƙarewa bayan ɗigo, ba ta kuma maimaita kanta: 1.7320508 da ci gaba har abada. Duk inda kika yanke ta kin zubar da wani abu. Gwada ki gani. Ɗaya gefen alwatikar 5 ne, don haka dokar Faitagoras ta ce 5² da sukwayar amsarki su haɗu su ba da 100. Da 5√3, sukwayar 25 × 3 ce, wato 75, kuma 25 + 75 = 100 cif. Da 8.66, sukwayar 74.9956 ce, jimla 99.9956. Giɓin ƙarami ne, amma idan tambayar tana da kashi na biyu da na uku da za a ɗora a kan wannan amsar, haka zai yi ta girma. Shi ya sa idan an ce a bar amsa cikin √, ɗigo ba ya shiga ko kaɗan, tun daga layin farko. Ki rubuta sin 60° = √3/2, ki ninka da 10, ki samu 5√3.

Sauran biyun daidai suke, ba su dai gama shiri ba ne. Abubuwa uku ake dubawa. Kada a bar wata cikakkiyar sukwaya ɓoye a cikin rut, wato irin su 4, 9, 16, 25, 36, 49, waɗanda rut ɗinsu ke fita babu saura. Kada a bar lamba mai bisa a cikin rut. Kada kuma a bar rut a ƙasan layin bisa.

3√8 ya faɗi a sharaɗin farko, domin 8 = 4 × 2, akwai sauran 4 a ciki. Fito da ita a matsayin 2, ki ninka da 3 ɗin da ke waje, 6√2 ke nan. Da tun farko kin nemi babbar sukwayar da ke raba 72, wato 36, da taki ɗaya ya isa. Idan lambar ta yi girma har ba kya hango babbar sukwayar, ki farfasa ta zuwa ƙananan lambobin da ba sa ƙara rabuwa. Misali 588 = 2 × 2 × 3 × 7 × 7. Duk lambar da ta zo bibbiyu, guda ɗaya ta fita waje, wadda ba ta da abokiya ta zauna ciki. An fitar da 2 da 7, an bar 3, amsa 14√3. Gwajin ƙarshe kuma mai sauƙi ne: dubi abin da ya rage a ciki, ki tambayi kanki ko 4, 9, 25 ko 49 na raba shi. Ba sai kin gwada 16 ko 36 ba, duk abin da suka raba 4 ma tana raba shi. Ga duk lambar da ba ta kai 121 ba, waɗannan huɗun sun wadatar.

12/√3 kuwa sharaɗi na uku ya taka. Ninka sama da ƙasa da √3: sama ya zama 12√3, ƙasa ya zama 3. Nan mutane da yawa suke ajiye alƙalami, su bar 12√3/3, alhali 3 tana raba 12. Sai an rage ya koma 4√3. Shawarata, ki riƙe tan 30° a matsayin √3/3 tun farko, aikin ya ragu.

Sharaɗi na biyu bai fito a misalanki ba, amma zai zo miki. √(3/8) ki raba shi gida biyu, √3/√8. Ki fara gyara na ƙasa ya zama 2√2, sannan ki ninka sama da ƙasa da √2 kawai, ki samu √6/4. Kullum a fara sauƙaƙa rut ɗin ƙasa kafin a kore shi, lambobin sun fi zama ƙanana.

Uwar Alwatika

Malam Mai Alli ya gama da ƙa'ida. Ni ina so in nuna inda rut ɗin yake fitowa, domin wanda ya san mafitarsa ba ya dogara da hadda.

Alwatika biyu ne tushen kusan duka. Ɗauki murabba'i mai gefe 1, ki yanka shi daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa. Kin samu alwatika mai 45°, 45°, 90°, gefunanta 1, 1 da √2. Sai ki ɗauki alwatika mai gefuna uku daidai, kowanne 2, ki tsaga ta tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Rabin yana da 30°, 60°, 90°, gefunansa 1, √3 da 2. Ki zana su a gefen takarda kafin ki fara aiki, ba ya cin minti ɗaya. Ƙaramin gefe yana fuskantar ƙaramar kusurwa, saboda haka 1 na kallon 30°, √3 na kallon 60°. Mai rikita sin 30° da sin 60° wannan ne bai lura da shi ba. In kuma jeri kike so, sin na 0°, 30°, 45°, 60°, 90° shi ne √0/2, √1/2, √2/2, √3/2, √4/2, cos kuma a karanta daga ƙarshe zuwa farko.

Yanzu ga inda maki yake zubewa, kuma ba a wajen fitar da sukwaya ba ne, a wajen tarawa ne. Rut yana bin sau da rabawa, ba ya bin tarawa da ɗebewa. √2 × √3 = √6, wannan halal ne. Amma √(9 + 16) = √25 = 5, ba 3 + 4 ba. Haka nan √6 + √2 ba √8 ba ne. Na farko ya kai 3.86, na biyu 2.83 ne kawai. Ana tara rut ne kaɗai idan abin cikinsu iri ɗaya ne, kamar yadda ake tara 3x da 4x. Wani lokaci kamannin a ɓoye yake sai an sauƙaƙa. Alwatika mai gefuna √18, √32 da √50 kamar ba abin da ya haɗa su, amma 3√2, 4√2 da 5√2 ne, kewayenta 12√2. Akasin haka, alwatikarki ta farko mai gefuna 5, 10 da 5√3, kewayenta 15 + 5√3 ne, a nan ya tsaya. Wanda ya rubuta 20√3 ya tara abin da ba jinsi ɗaya ba. Amsa mai gaɓa biyu ba aibu ba ce.

Rabawa ma tana da nata tarkon. (6 + 2√3)/2 sai 2 ta raba kowace gaɓa ta sama, a samu 3 + √3. Ba 3 + 2√3 ba, ba 6 + √3 ba. Lambar waje kuma ba ta shiga ta raba ta ciki: √6/2 ba √3 ba ne.

A dokar cos, ki bar rut ɗin har layin ƙarshe. Gefuna 4 da 6, kusurwar tsakaninsu 60°: c² = 16 + 36 − 2(4)(6)(1/2) = 28, c = 2√7. Da kusurwar 120° ce, cos ɗinta −1/2 ne, ɗebewar ta koma tarawa, c² = 76, c = 2√19. Wannan alamar ɗebewa ita ce aka fi mantawa da ita da zarar kusurwa ta haura 90°. Idan aka ce sin θ = 2/3 kuma θ tana tsakanin 90° da 180°, cos²θ = 5/9, amma cos θ = −√5/3, tan θ kuma −2/√5, wanda ya gyaru zuwa −2√5/5. Rut ɗin da kansa ba ya gaya miki alama, wurin da kusurwar ta faɗa ne yake faɗa.

A dokar sin, rabi-rabin ƙasa suna cinye juna. Gefe 8 yana fuskantar 45°, ana neman mai fuskantar 60°: 8 × (√3/2) ÷ (√2/2) = 8√3/√2 = 8√6/2 = 4√6.

Wata dabara da nake so ƙwarai ita ce ta girman filin alwatika idan gefuna uku kawai aka bayar, wato dokar Heron. Gefuna 7, 8, 9, rabin kewaye 12, sai a nemi √(12 × 5 × 4 × 3). Kada ki yi gaggawar ninka su su zama 720 sannan ki dawo kina farfasawa, aiki biyu ke nan. A yadda suke, 12 × 3 = 36, ga kuma 4 a fili. Fitar da 6 da 2, ya rage 5, amsa 12√5.

Idan π ya shigo, shi ma a bar shi yadda yake. Da'ira mai rediyos 6, an yanki kusurwar 60° daga tsakiya: filin yankin 6π ne, na alwatikar da ke cikinsa 9√3, ɗan ɓallin da ke tsakanin bakan da miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakunansa biyu kuma 6π − 9√3. Ba sa haɗuwa, haka ake miƙa shi.

Injiniyan Awo

Na yarda da duk abin da malamai biyu suka faɗa, sai dai ina so ƙanwarmu ta san cewa kurakuran nan ba nauyinsu ɗaya ba. Barin 8.66 a madadin 5√3 canja amsa ne. Barin 1/√2 a madadin √2/2 kuwa ba kuskuren lissafi ba ne, saɓa al'ada ne, kuma a manyan littattafan lissafi da na kimiyyar fiziks za ki ga 1/√2 a rubuce ba wanda ya ɗaga gira. Al'adar tana da dalili mai kyau tun zamanin da ake lissafi da hannu. Raba 1 da 1.41421 doguwar rabawa ce mai gajiyarwa, raba 1.41421 gida biyu kuwa da ka ake yi, 0.7071. Dalili na biyu har yau yana aiki: idan kowa ya bi siffa ɗaya, ana iya kwatanta amsoshi da ido, a kuma ga waɗanda za su taru. 12/√3 + √3 ba ya nuna komai, 4√3 + √3 kuwa 5√3 ne nan take. Don haka a jarrabawa, muddin an ce siffa mafi sauƙi, ki kore rut daga ƙasa, babu jayayya.

Abin da ba a taɓo ba shi ne idan ƙasan gaɓa biyu ne. Ga tambayar da ke yawan fitowa: daga wani wuri ana hangen ƙololuwar hasumiya a kusurwar 30°, aka matsa gaba mita 20, kusurwar ta zama 45°. Idan tsayin h ne, nisan farko h√3, na biyu h, saboda haka h√3 − h = 20, h = 20/(√3 − 1). Ninkawa da √3 ba ta fitar da ke a nan, ƙasan zai zama 3 − √3, rut na nan daram. Abin da ake yi shi ne a ninka sama da ƙasa da kishiyar ƙasan, wato gaɓoɓin nan biyu amma an juya alamar tsakiya: √3 + 1. Dalili kuwa (a − b)(a + b) = a² − b², gaɓoɓin tsakiya sun kashe juna. Ƙasa ya zama 3 − 1 = 2, sama 20(√3 + 1), h = 10(√3 + 1), ko 10 + 10√3, duka biyun karɓaɓɓu ne. Kimanin mita 27.3.

Haka tan 15° take fitowa. tan(45° − 30°) ya ba da (√3 − 1)/(√3 + 1). Ninka da √3 − 1 sama da ƙasa. Sama (√3 − 1)² ne, kuma a kula, 3 − 2√3 + 1 ne, ba 3 − 1 ba, ba 3 + 1 ba. Gaɓar tsakiyar nan ita ce ke ɓacewa a hannun mai sauri. Sai (4 − 2√3)/2 = 2 − √3.

Kalkuleta tana da amfani a nan, amma a matsayin mai shaida. Bayan kin gama, buga siffar farko da ta ƙarshe ki ga ko sun yi daidai: 2 − √3 ya ba da 0.2679, tan 15° ma haka. In sun saɓa, ki fara duba ko na'urar tana kan digiri. Wadda ke kan radiyan, wato wani ma'aunin kusurwa daban, za ta ce miki sin 60 = −0.3048, ki yi ta neman kuskure a inda babu.

Sannan rubutun hannu. Ki ja layin saman rut ya rufe duk abin da ke cikinsa, ya kuma tsaya a inda ya kamata. √(3x) daban, x√3 daban, shi ya sa ake sa harafi ko lamba a gaban alamar, ba a bayanta ba. Alamar √ ta fara fitowa a bugu a 1525 a hannun masanin lissafi Christoph Rudolff, ba ta da wannan layin, Descartes ne ya haɗa mata shi a 1637, kuma wannan ruɗanin ne layin yake magancewa. Kada kuma 3 ɗin 3√2 ta ƙanƙance ta hau kafaɗar alamar, sai a karanta ta ∛2, wato lambar da idan aka jera ta sau uku aka ninka take ba da 2, wata lamba ce dabam.

Ɗalibar Kimiyya

Na gode malamai, Allah ya ƙara ilimi. Na sake yin ukun sun fita. Amma ga wata sabuwa. Na nemi cos 15° ta hanya biyu. Da cos(45° − 30°) na samu (√6 + √2)/4. Da dokar rabin kusurwa na samu √(2 + √3)/2. Kalkuleta ta ce duka 0.9659 ne. Wanne ne mafi sauƙi, kuma ta yaya ake komawa daga wannan zuwa wancan? Sannan kowace kusurwa ce take da irin wannan amsar? Na nemi ta sin 20° ban samu ba.

Mai Alli

Madalla da wannan tambaya, ƙanwata. Na farkon ake so, domin rut a cikin rut ana kwance shi duk lokacin da zai kwantu.

Hanyar ta fito ne daga (√a + √b)² = a + b + 2√(ab). Idan kika ga √(m + 2√n), ki nemi lambobi biyu da jimlarsu m ce, ninkinsu n. Misali √(8 + 2√15): 5 da 3, amsa √5 + √3. Idan ɗebewa ce a tsakiya, babbar ce ke gaba: √(7 − 2√10) = √5 − √2. In kika juya su, amsar ta faɗi ƙasa da sifili, rut kuwa ba ya ba da haka.

Naki ba shi da 2 a gaban √3, sai a samar masa. 2 + √3 daidai yake da (4 + 2√3)/2. Lambobin da jimlarsu 4, ninkinsu 3, su ne 3 da 1. Don haka √(2 + √3) = (√3 + 1)/√2 = (√6 + √2)/2. Raba da 2 ɗin da ke ƙasa tun asali, kin dawo (√6 + √2)/4.

Ba kowanne ne ke kwantuwa haka ba, kuma akwai gwaji kafin ki ɓata lokaci. A √(a + √b), ki lissafa a² − b. In cikakkiyar sukwaya ce, zai rabu zuwa rut biyu. Naki 4 − 3 = 1, ya rabu. cos 22.5° = √(2 + √2)/2, a nan 4 − 2 = 2, ba zai rabu ba, kuma wannan siffar ita ce amsar ƙarshe. Dokar cos tana yawan haifar da irinsa. Gefuna 5 da 8 da kusurwar 30° a tsakani sun ba da c² = 89 − 40√3. 40√3 shi ne √4800, 89² = 7921, bambancinsu 3121, wanda ya faɗa tsakanin 55² = 3025 da 56² = 3136. Sai ki rubuta c = √(89 − 40√3) ki wuce.

Batun sin 20°, ba gazawarki ba ce, babu ita ne. A cikin kusurwoyi masu cikakken digiri, waɗanda 3 ke rabawa ne kaɗai ake iya rubuta sin da cos ɗinsu da irin wannan rut. 15°, 18°, 36° da 75° suna ciki: sin 18° = (√5 − 1)/4, cos 36° = (√5 + 1)/4, waɗannan biyun daga siffa mai gefe biyar daidai suke fitowa. 20° kuwa 3 ba ta raba ta. cos 20° amsa ce ta 8x³ − 6x − 1 = 0, wadda ba ta warwaruwa da rut na sukwaya komai yawan jera su. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a iya raba kusurwar 60° gida uku daidai da rula da kamfas kaɗai, abin da Pierre Wantzel ya tabbatar a 1837. Idan tambaya ta zo da 20°, 40° ko 50° ta ce a ba da ainihin amsa, to ɗayan biyu ne: ko dai a bar ta 12 sin 20° yadda take, ko kuma an shirya kusurwoyin su haɗu. sin 20° cos 40° + cos 20° sin 40° ba ya buƙatar sanin ko ɗaya daga cikinsu, sin 60° ne, √3/2.

Uwar Alwatika

Ƙari kaɗan a kan ∛ da Injiniya ya ambata, domin yana shigowa a tambayoyin girman cikin abu. Ƙa'idar ba ta canja ba, sai dai uku-uku ake fitarwa maimakon bibbiyu. Akwati mai gefuna daidai da cikinsa ya kai santimita kiyub 54, gefensa ∛54 ne. 54 = 3 × 3 × 3 × 2, amsa santimita 3∛2. Idan ∛2 ya zauna a ƙasa, ninkawa da ∛2 ba ta kore shi, ∛4 za ki samu. Da ∛4 ake ninkawa, ƙasa ya zama ∛8 = 2, don haka 1/∛2 = ∛4/2. Kuma ki riƙa sa ma'auni a bayan amsa, a wajen rut: santimita 5√3 na tsawo, santimita sukwaya 12√5 na fili.